Burtali a Ƙarƙashin Gyaɗa

Ran da Audu ya zo min da maganar, a tsaye ya yi ta. Ya tsaya a ƙofar zaure da sandarsa a wuya, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo kamar yadda ya saba, ya tambayi iyali da gona da ruwan bana, sannan ya ce sallama ya zo yi. In ba a buɗe masa burtali ba kafin ƙarshen wata, zai kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi kudu.

Audu Bafillace ne, yana kiwo yana noma, kuma rugarsu tana bayan garinmu a yankin Kurugu tun kafin a haife mu ni da shi. Sa'ana ne. Shi yana ce min Kaɗo, ni ina ce masa Ɗan Fillo, shekara saba'in da ɗoriya ba wanda ya taɓa jin haushi. Gonaki sun kewaye rugar ta ko'ina, hanya ɗaya ce shanunsa ke bi su sauka rafi su wuce daji, ita ce burtalin da ya bi ta gefen gonar yayana marigayi Bahauddeen.

Gonar nan yanzu a hannun Nasiru take, ɗan yayan nawa, wanda ke aiki a Kano. Bana ya zo da tarakta kafin ruwa ya sauka sosai. Ya sa aka tumɓuke shingen bini-da-zugu da ya raba gonar da burtali, aka ƙone, aka bi da tarakta har iyakar gonar Malam Kabir da ke ɗaya gefen, aka shuka gyaɗa. Tun daga ranar Audu yake zagayawa da shanu ta bakin titi, tafiyar da ta fi awa biyu. Mota ta buge masa karsana ɗaya. Sau uku shanun suna faɗawa cikin dawar mutane, har an fara zare masa adda.

Na ce masa ya koma gida, kada ya kwance ko igiya ɗaya.

Da Nasiru ya zo ƙarshen mako na kira shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ladabi dai yana da shi, ban raina tarbiyyar yayana ba. Na tambaye shi inda ya samo ƙarin gona, tunda ƙasa ba haihuwa take yi ba. Sai ya zaro takarda daga aljihu, mai zane da hatimi. Wani ma'auni ne ya zagaye gonar da na'ura a hannu, ya zana masa. Na tambaye shi wa ya nuna wa ma'aunin inda zai taka. Ya ce shi ne. Na ce to ai takardar bakinsa ta ara, abin da ya faɗa mata shi ta rubuta. Ya yi murmushi ya ce, "Baffa, zamani ya canja. Yanzu magana ba ta tsayawa sai da furuf."

Ban san mene ne furuf ba, ban kuma tambaye shi ba. Yaro bai isa in nuna masa jahilcina a zaurena ba.

Audu ya kai ƙara wurin kwamitin sulhu da ke zama a Karaye kan rigimar gona da kiwo, ya sa ni shaida. Shugaban zaman wani Malam Abdulmutalib ne, mutum mai kamar shekara arba'in, mai natsuwa, sai dai Hausarsa kamar fate take, kowane cokali ka ɗebo sai ka samu Turanci a ciki. Nasiru ya miƙa takardarsa. Audu ya yi bayaninsa. Ni kuma na miƙe na ce ni Shitu na taso na tarar da burtali a wurin, na bi shi da ƙafata, na ɗebi kashin shanu a cikinsa na kai gona tun ban yi gemu ba, kuma uban yaron nan bai taɓa sa fartanya a ciki ba har ya koma ga Allah.

Malam Abdulmutalib ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Baba, na ji ka, kuma ban ƙaryata ka ba. Amma shi ya kawo takarda. Kai ina ebidans ɗinka? Akwai wanda zai kwanfam?"

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. A iya sanina nan ne ƙarshen gardama. Ban rufe baki ba sai na ji Nasiru daga bayana yana cewa shi ma zai dafa. Na juya na dube shi. Idonsa a bushe. Na san abin da rantsuwar ƙarya ke yi wa gida, kuma gidan nan gidan yayana ne. Na ce wa shugaba na janye, a bar Littafi inda yake. Wasu a ɗakin suka yi gunaguni, suna zaton tsoro ne ya kama ni. Na bar su da zatonsu. Gara a ce Shitu ya ji tsoro da in sa ɗan ɗan'uwana ya ɗauki wuta da hannunsa.

Aka ba mu kwana goma. In ba mu kawo abin da zai tsaya ba, za a bi takarda.

A hanyar komawa Audu ya ce min, "Kaɗo, ka bari. Ɗanka ne. Ni baƙo ne ko na shekara ɗari."

Na ce masa ya rufe min baki, Ɗan Fillon banza, wa ya ce don shi nake yi. Gaskiya ba ta da ɗa, ba ta da baƙo.

Washegari na fara da Malam Kabir, tunda gonarsa ce ta yi iyaka da burtalin ta gabas. Ya shimfiɗa min buzu, ya sa aka kawo fura, ya yi ta zagaye-zagaye. Da na matsa sai ya ce idonsa ya yi rauni, shekaru sun ja, ba zai iya cewa ga inda shinge yake ba. Mutumin da ke hango akuyarsa daga bakin kasuwa. Na bi gida huɗu bayan nasa. Wannan surukin Nasiru ne, wancan ɗansa na neman aiki a hannun Nasiru, wancan ya ce shi ba ya shiga tsakanin harshe da haƙori. Kowa ya san burtalin, ba wanda ya gan shi. Tsofaffin da suka kafa shi duk suna maƙabarta.

Kwana uku suka tafi a haka. Ran na huɗu na hau mota zuwa Beli, can ƙasar Rogo, inda 'yata Lauratu ke aure. Ita ce ke koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda zai yi kokawa da mutum sai ya san inda yake kamu. Bayan an gaisa an ci abinci na ce mata ta zauna ta fassara min kalmomin nan da aka jefe ni da su, ɗaya bayan ɗaya, kada ta haɗa min su kamar hatsin bara.

Ta yi dariya ta ce ashe yau Baba ne ɗalibi. Na ce ta yi abin da aka sa ta.

Ta ce ebidans shi ne abin da za ka ajiye a gaban mutum ya gani ko ya taɓa, ba lallai takarda ba, ko sawun ɓarawo a bakin rumbu ebidans ne. Furuf kuma shi ne in abin da ka ajiye ya yi ƙarfin da ba mai iya musu. Kwanfam shi ne wani daban ya zo ya ce e, haka ne, ni ma na sani. Na ce wannan na nema gida biyar ban samu ba. Ta ce akwai saura ɗaya da ba su faɗa min ba, ita ce berifai.

"Ita kuma fa?"

"Ita ce mai hukuncin ya tashi da kansa, Baba, ya je ya duba. Ba ya jira a kawo masa. In ka ce masa ya zo ya berifai, kunya ma ba za ta bar shi ya ƙi ba, don aikinsa ne."

Na ce ashe Bature ma ya san gani ya kori ji, ya dai sa masa riga ne. Na sa ta maimaita min kalmar har ta zauna a bakina. Da zan tafi ta raka ni bakin hanya, ta ce in yi a hankali da Yaya Nasiru, zumunci abu ne mai wuyar ɗinki. Na ce na sani. Wanda ya bar ɗansa ya ci haram don kada ya yi fushi, ba son sa yake yi ba.

To amma in na kira mutum ya zo ya duba, me zai duba? Gyaɗa ce kore shar daga wannan iyaka zuwa waccan. Kwana biyu ina zagaya gonar da sassafe ina neman ko kututturen bini-da-zugu ɗaya da ya tsira. Babu. Yaran da Nasiru ya sa sun yi aiki da gaske, har saiwa suka tone. Na nemi dutsen da na san yana kusurwar kudu, an ɗauke shi. Masu wucewa suna ganina ina sunkuye cikin gonar wani kamar mai neman allura, wasu su gaishe ni, wasu su kau da kai.

Ran kwana na bakwai aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Matata Zaituna ta ce in zauna, ƙafata ba ta son sanyi. Na ɗauki malafata na fita. Da na isa kan tudun da ke arewa da gonar sai na tsaya. Ko'ina ruwa ya shige ƙasa, don jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Amma ta gefen gabas ruwa na kwance tsakanin kunyoyi, yana ƙyalli, ya miƙe tun daga ƙofar rugar Audu, ya ɗan karkata daidai tsamiya, ya gangara har rafi. Faɗinsa bai wuce taku goma sha biyu ba.

Sai na zagi kaina, don abin da ya kamata in tuna tun ranar farko ne. Ƙasar da kofato ya taka shekara tamanin safe da yamma ba ta zama ɗaya da ƙasar da garma ke juyawa kowace damina. Ta daskare kamar daɓen ɗaki. Tarakta ta ɓarje saman ne kawai, kamar tsawon tafin hannu, ta rufe da ƙasa mai laushi. Da Nasiru da hannunsa ya yi huɗar nan, da garma ta gaya masa tun a kunya ta farko. Amma wanda ya yi noma daga inuwar mota, ina zai ji?

Na koma gida na ɗauko dagina, ƙarfen da nake haƙa ramin shinge da shi. Na soka a tsakiyar gona, ya shige har kusan kamu ɗaya ba wahala. Na matsa inda ruwa ya kwanta na soka. Ya shiga kaɗan ya tsaya cak, har sai da hannuna ya amsa. Na gwada wuri goma, duk haka. Ban gaya wa kowa ba, ko Audu.

Washegari tun kafin a buɗe ofis ina zaune a kan benci a Karaye. Masinja ya ce ba ranar zama ba ce. Na ce ni ma ba zama na zo yi ba. Malam Abdulmutalib ya iso wajen ƙarfe tara, ya ce yana da taro, in dawo ranar da aka sa. Na ce zan jira. Ya shiga, ya fita, ya yi azahar, ya dawo, ina nan. Da la'asar ta kusa sai ya tsaya a gabana ya ce, Baba, wai me ka kawo ne?

Na ce, "Yallaɓai, ebidans ɗina ya fi ƙarfin aljihu, ba ya ɗaukuwa. Sai dai ka zo ka berifai."

Ya dube ni, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya tambayi wanda ya koya min. Na ce wanda ya koya masa bai rufe makarantar ba. Ya ce to, ran kwana na goma a gonar za a zauna, a sanar da kowa.

Ranar mutane sun taru fiye da yadda na zata. Nasiru ya zo daga Kano da takardarsa cikin leda. Audu ya tsaya can gefe da sandarsa. Malam Kabir ma ya lallaɓo ya tsaya a iyakar gonarsa. Kwana biyu ba a yi ruwa ba, ƙasa ta sha iska, gyaɗa ta rufe ko'ina, ba abin da ido zai gani. Nasiru ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai Baffa ya tara mutane su kalli ganye.

Na miƙa wa Malam Abdulmutalib dagin, na ce ni ba zan taɓa ba, kada a ce tsoho ya yi dabara da hannu. Ya fara daga tsakiyar gona ya nufi gabas, duk taku biyu ya soka. Inda ƙarfen ya ƙi shiga a kafa tsinke. Ya naɗe hannun rigarsa ya fara. Ya soka, ya shige. Ya soka, ya shige. Sau tara. A na goma ƙarfen ya yi ƙara ya tsaya, har hularsa ta zame. Ya sake ɗagawa ya buga da ƙarfi. Bai wuce ba. Aka kafa tsinke.

Nasiru ya ce dutse ne a ƙasa, ko'ina ana samun haka. Na ce a tona a gani. Aka kawo fartanya aka share ƙasar sama. Ba dutse ba ne, ƙasa ce baƙa, daskararriya, an fasa ta da ƙyar, tana ɓarewa falle-falle kamar waina. Malam Abdulmutalib ya ɗauki ɓari ɗaya ya murza ya shinshina. Ya koma baya taku ashirin ta kudu ya sake farawa daga tsakiya. Sannan ya sake, ya sake. Gumi ya jiƙa masa riga, wani ya ce a karɓe shi, ya ƙi. Kafin rana ta take, tsinke goma sha bakwai sun tsaya a jere, layi ɗaya, sun karkata daidai tsamiya sun nufi rafi. Na tambayi Nasiru ko ya taɓa ganin dutsen da ya san hanyar mashaya.

Sai shugaba ya ce saura ɗaya gefen, don a san faɗin. Ya ci gaba da sokawa ya nufi gabas. Ƙasa mai tauri ba ta ƙare a iyakar Nasiru ba. Ta shiga cikin dawar Malam Kabir taku uku cur kafin ƙarfen ya sake nutsewa, aka kafa tsinke nan ma. Mutane suka fara kallon juna. Malam Kabir ya yi gyaran murya, ya matso, ya ce ai shi dama ya san da burtali a nan, kowa ma ya sani, taku ukun nan kuskuren 'yan ƙwadago ne, zai janye. Audu ya ce masa barka da samun lafiyar ido. Aka yi dariya, har shi Malam Kabir.

Nasiru bai yi ba. Ya ce ko da burtali ne, shukarsa fa? Na sunkuya na tuge gindin gyaɗa ɗaya daga kan burtalin, na je tsakiyar gona na tuge wani, na ajiye su a gabansa. Na tsakiya ya yi 'ya'ya jingim. Na burtali ganye ne kawai da 'yan ƙwaya uku a kwance a sama, don gyaɗa ba ta iya huda daɓe ta zuba 'ya'ya. Na ce masa ƙasar ma ba ta karɓe shi ba, bai yi asarar komai ba sai iri.

Malam Abdulmutalib ya zauna a gindin tsamiya ya rubuta abin da ya gani, ya karanta da Hausa, ya ce burtali ya tabbata, faɗin taku goma sha biyu, a buɗe shi daga gobe. Ya ce wa Nasiru a sake auna gonarsa a gaban maƙwabta. Sannan ya miƙo min dagina da hannu biyu, tafinsa duk ya yi bororo.

Audu ya matsa wurin Nasiru ya ce zai iya ƙara haƙuri sati uku har a cire gyaɗa, kuma harawar da ke wurin zai sa a yanka a kai masa gida. Nasiru bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Baffa, a gaban mutane ka tozarta ni saboda bare."

"A zaure na fara kiran ka, kai kaɗai. Kai ka zaɓi gaban mutane."

Ya juya ya shiga motarsa. Bai biya ta gida ba, bai yi wa Zaituna sallama ba. Na ce wa Audu ba wani sati uku, hukunci ya ce gobe, gobe ne. Abin da aka jinkirta shi ake sake gardama a kansa.

Da safe na tsaya a kan tudu. Audu ya buɗe shingen ruga, bai ko kora ba. Wata tsohuwar saniya fara ce ta fara fitowa, ta tsaya ta shinshina ganyen gyaɗa, sannan ta sa kai tsakanin tsinkayen, sauran suka bi ta a jere har rafi. Matan ruga da suka ɗaure ƙore da tukwane tun sati biyu suka fara kwancewa.

Nasiru bai kira ni ba har yau, wata biyu ke nan. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Gyaɗarsa ta tsakiya ta nuna, ni na tsaya aka cire, aka shanya, aka zuba a rumbun ubansa. Ranar Asabar zan shiga motar Kano da mabuɗin rumbun a aljihuna. In bai buɗe min ƙofa ba, akwai dakali a ƙofar gidansa, kuma zaman jira bai taɓa gajiyar da ni ba.